Duban Bakin Mahaifa a Ɗakin Talata

Kwanan baya na je asibiti awon hawan jini, na ji wata yarinya cikin sababbin ma'aikatan jinya tana gaya ma ƙawarta wai duban bakin mahaifa ba aiki ba ne. Wai shafa ruwan khal mai tsami ne da haska tocila, ko mai tuyar awara anka koya ma da safe za ta iya kafin azahar. Ban tanka ba, don a lokacin hannuna yana cikin abin awo, kuma ita ke matsa shi. Amma da na dawo gida na ce bari in ba ku labarin aikin ga, ku ɗiyan yanzu, tun kafin hawan jinin ya yi abin da ya zo yi. Sunayen matan da za ku ji duk na sauya su, kada wata ta ɓata lokacinta wajen bincike.

Sista Balki ake ce mini. A ƙasar Rabah na fara aiki, karɓar haihuwa, shekarun da madatsar ruwan Goronyo ta fara sauya muna ƙasa. Da can maza na gama girbin gero sai su kama hanyar cin rani. Da ruwa ya samu sai sunka zauna gida, albasa, shinkafa, tafarnuwa, manyan motoci suna shigowa har bakin fadama. Arziki ya shigo, baƙi sunka shigo, cututtuka ma ba su tsaya neman izinin kowa ba. Ina Wurno lokacin da ƙanjamau ke kwasar mutane muna kallo, kuma an mayar da ni wani asibiti a ƙasar Goronyo sa'ad da maganinta ya iso. Munka yi murna, don matan da munka cire ma rai sun tashi, sun yi kumatu, har suna faɗa a layi. Sai kuma munka fara ganin wani abu daban. Mace tana shan maganinta yadda anka ce, ba fashi, sai ta zo da jinin da ba na al'ada ba, da ruwa mai wari. A tura ta Sakkwato, a ce ciwon daji ne na bakin mahaifa, kuma ya yi nisa. Wannan ne ya sa anka tsinci wasu cikinmu anka kai mu koyon duba.

Wadda ta koya muna, Goggo Asabe muke ce mata, gajeruwar tsohuwa ce mai tabarau da igiya, kullum da goro a kunci. Ranar farko ba ta bari munka taɓa kayan aiki ba. Kowace cikinmu ta sa ta hau gadon duba da kayanta a jiki, ta ɗaga ƙafafu, sannan ta bar ƙofa a ɗan buɗe ta fita tana gaisawa da masu wucewa. Da nawa layin ya zo, ina kwance ƙafafu sama ina jin muryar wani mai shara a waje, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ta dawo ta ce ni da zanena ke nan, kuma minti biyar kawai na yi, sai in tuna da matar da za ta kwanta ba zane, ta taho daga ƙauye tun asuba, ba ta san abin da za a gaya mata ba. Daga nan ta ɗauko ƙarfen duba, wanda muke ce ma bakin agwagwa don kamarsu ɗaya, ta manna mini shi a wuya. Na zabura don sanyi. Ta ce to, wuya ke nan. Tun ranar ban taɓa sa ma mace ƙarfe ba sai na tsoma shi ruwan ɗumi.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Bakin agwagwa babba da ƙarami, tocila mai farin haske, auduga a kan tsinke, safar hannu, agogo mai tsinken daƙiƙa, da tukunyar da ake tafasa ƙarafa bayan an jiƙa su a ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Sai ruwan khal, irin wanda ake sa ma kwaɗon ganye a gidajen 'yan boko. Shi ne ya fi ba mu wahala, don in ya yi rauni ba ya nuna komai, na kasuwa kuwa wani an yi mashi kyautar ruwan rijiya. Goggo Asabe da harshe take gwada shi. In ta ɗanɗana ta yatsine fuska har tabarau ya zame, mai kyau ne. In ta ci gaba da tauna goronta, sai a zubar.

Mace ta farko da na duba da hannuna, na shafa khal, na haska, sai ga wani fari fat a bakin mahaifa. Na juyo na raɗa ma Goggo cewa na ga ciwo. Ta leƙa, ta karɓi auduga ta share wurin sau ɗaya, farin ya biyo audugar. Ruwan jikin mace ne kawai. Ta miƙo mini tsinken ta ce, "Ga ciwon dajinki nan, ki kai shi gida ki yi jinya." Kwana biyu bayan nan na yi akasin haka. Na shafa, na leƙa, na ga wuri ja mai santsi, na ce lafiya lau, har na fara sassauta ƙarfe. Ta riƙe mini hannu ta nuna agogo, ashe ko rabin minti ban cika ba. Munka tsaya. Kafin tsinke ya zagayo sai ga tabo ya fito a hankali, fari mai kauri, da iyaka kamar an zana, daidai bakin ƙofar mahaifa. Ba ta zage ni ba ranar, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Minti ɗaya cikakke ake jira, ba mintin mai sauri ba. Idon da ke rarrabe tabon gaske da tabon banza kuwa ba a samunsa cikin mako biyu na koyo. Ni sai da na duba mata masu yawan gaske kafin in daina zufa.

Abin da muke nema ba ciwon dajin ba ne, abin da ke zuwa kafin shi ne. Akwai ƙwayar cuta da ake kira HPV, wajen kwanciyar miji da mata ake ɗaukarta, kuma mutane da yawa sun taɓa ɗauka ba su sani ba. Mai lafiya jikinta kan kore ta shiru. Wadda ke da ƙanjamau garkuwar jikinta ta yi rauni, sai ƙwayar ta samu wurin zama, ta yi ta ɓata fatar bakin mahaifa, kuma ta fi saurin kai ta ga ciwon daji. Maganin ƙanjamau yana taimakawa, amma ba ya wanke wurin da ya riga ya ɓaci. Duk wannan ba ciwo, ba jini, ba komai, mace tana surfenta tana raha. Da farko haka nake zuba ma mata bayani kamar mai karanta labarai a rediyo, suna kallona suna gyangyaɗi. Wata tsohuwa daga Magarya ce ta gyara mini. Ta ce, "Sista, ki ce albasar ajiya mana. Waje sumul, ruɓa ta kama daga wuya, sai ka matsa ka sani." Daga ranar da albasa nake bayani, ba wadda ta sake tambayata mi nake nufi.

In an ga tabo ƙarami, daskarar da shi ake yi. Muna da tukunyar gas mai tsawo har ƙirjina, da wata 'yar bindiga mai kan ƙarfe da ake jona mata. A manna kan a wurin, a saki gas, wurin ya daskare ya zama ƙanƙara minti uku, a huta minti biyar, a sake minti uku. Shi ke nan. Mace ta sauka ta ɗaura zanenta, ta yi makonni tana zubar da ruwa, wurin ya warke, ta dawo bayan shekara a sake dubawa. In tabon ya yi faɗi ko ya shige ciki, sai Sakkwato, a yanke shi. Wahalar ba a nan take ba. Wahalar ita ce sharaɗin da ke biyo baya, mako huɗu ba miji.

Wata Laraba wani magidanci daga Giyawa ya diro a kan babur, ko kashe shi bai yi ba, yana tambayar ina matar da ta sa ma iyalinsa takunkumi. Na ce ga ni. Ya ce shi bai taɓa jin asibitin da ke shiga tsakanin mutum da halal ɗinsa ba. Ban san ko matarsa ta gaya mashi maganin ƙanjamau take karɓa wurinmu ba, don haka ban taɓa wannan gefen ba, kuma ku ma kada ku taɓa. Na tambaye shi dai, in ya dasa albasa yau, gobe yakan saki jaki cikin fangalin? Ya kashe babur, ya ce, "Wato ni ne jakin." Na ce ni ban faɗa ba. Ya yi dariya har da tari, ya tambayi kwana nawa sunka rage, na ƙirga mashi da yatsu. Matar ta gaya mini daga baya cewa ya cika kwanakin, sai dai kullum da safe yana sanar da ita saura nawa, kamar mai jiran ganin wata.

Akwai kuma matan gidajen malamai na Wurno, waɗanda sukan zo a lulluɓe har ido, su fara da tambaya ko duban yana karya azumi, ko yana wajabta wanka. Nakan ce ni ƙarfe na karanta, su da ke kwana cikin littattafai su koma su tambaya, amma tunda yau ba azumi suke ba a hau gado. In zane ya faɗi, ɗiyar alƙali da mai tallan fura wuri ɗaya nake haskawa, ban taɓa ganin wadda tata ta zo da rawani ba.

Masu ba da tallafin kayan aikin sun sa sharaɗi, matan da ke karɓar maganin ƙanjamau kaɗai za a duba, tunda su sunka fi shiga haɗari. A takarda magana ce mai ma'ana. Don a rage ma matan zirga-zirga sai munka haɗa duban da ranar karɓar magani, wato Talata, a wani ɗaki na ƙarshen baranda mai shuɗiyar ƙofa. Ba wanda ya lura cikinmu cewa ƙofar tana kallon bakin titi, daidai inuwar da 'yan acaɓa ke zama.

A wannan ɗakin na san Hajo. 'Yar Taloka ce, mijinta ya rasu ya bar mata ɗiya huɗu, tana sayen albasa a gona ta ajiye sai ta yi tsada. Doguwa, mai murya kamar tana kiran wani a hayin gulbi, ba ta raɗa ko da sirri ne. Shekara biyar tana shan magani ba ta taɓa tsallake wata ba. Ranar da na ce mata yau akwai duba, ta hau gado ba gardama, ta ce ta haifi shida, babu abin da zan gani wanda ungozoma ba ta riga ni ba, amma in na hango kujerar Makka a ciki in gaya mata. Na shafa khal, na kalli agogo. Tabo ya fito, bai kai faɗin farcen babban yatsa ba, a fili, irin wanda ake daskararwa a wuce wurin. Sai dai tukunyar gas ta ƙare tun makon da ya wuce, an kai ta Sakkwato ɗuri. Na ce mata ta dawo bayan mako biyu. Ta ce ba komai, dama tana da kaya da za ta kawo kasuwa. Na rubuta a littafi: Hajo, Taloka, tabo, a dawo. Abin da na rubuta ke nan duka.

Wannan ita ce shekarar da ruwa ya yi ɓarna. Ƙarshen damina gulbi ya cika ya tumbatsa, ya ci gonaki, ya rushe gidaje, ya yanke hanyoyi. Asibiti ya koma wurin masu gudawa da zazzaɓi, ni kaina an janye ni daga ɗakin Talata an sa ni ɗaura ƙarin ruwa. Tukunyar gas ta maƙale can. Hajo ta dawo bayan mako biyun, cikin kwalekwale ta yi rabin hanya, na ce mata babu. Ta sake dawowa, na ce babu. Ta ce in tukunyar aure ta yi a Sakkwato a gaya mata ta kai gudummawa. Sai da anka yi wata huɗu tukunyar ta iso. Kafin nan mata tara na gaya ma su dawo.

Cikin waɗanga watanni ne magana ta fita. 'Yan acaɓa ba su da aiki sai kallo, sun lura da wa ke shiga shuɗiyar ƙofa ranar Talata, sun lura ba kowa ke shiga ba, sunka haɗa ɗaya da ɗaya. Ɗakin ya samu suna a gari, sunan da ba zan maimaita ba. Wata mata anka daina sayen ƙosanta. Wata anka fasa neman ɗiyarta. Talatar da tukunya ta dawo na wanke ɗaki, na tafasa ƙarafa, na zauna tun safe har la'asar, ba wadda ta leƙo sai akuyar mai gadi. Matan ba su bar shan magani ba, wayo sunka yi. Wasu sunka riƙa aiko 'yan'uwa, wasu sunka sauya asibiti, sunka koma inda ba a san su ba, inda kuma ba a duba.

Na shiga neman mata tarana. A nan na gane abin da na yi ma kaina. Ban rubuta unguwa ba, ban rubuta sunan mai gida ba, ban tambayi lambar wayar kowa ba. Kuma ba zan shiga ƙauye da farin kaya ina tambayar ina gidan wance ba, don wannan daidai yake da in ɗauki mai shela. Sai na riƙa zuwa suna da biki da kayan gida, in ga fuskar da na sani in ja ta gefe. Da haka na samu shida cikin shekara guda, na daskarar musu da yamma ta ƙofar baya. Taloka na je sau biyu. Hajo huɗu anka nuna mini, ba tawa a ciki. Ashe a garinsu ba Hajo ake ce mata ba, da sunan babban ɗanta ake kiranta, kuma da ta ji ana cigiya ita da kanta ta ce a ce ta yi tafiya.

Shekara huɗu bayan nan, ina cikin ɗaki ina jera ƙarafa, na ji warin kafin in ga mai shi. Duk wadda ta yi aikin ga ta san warin, ba ya kama da komai. Hajo ce a bakin ƙofa, ta dafa bango, ta rame har zobe na yawo a yatsa, muryar ce kaɗai ba ta rage ba. Ta ce wata bakwai tana zubar jini, ta sha sassaƙe, ta sha rubutu, an ce mata basir ne, an ce sammun 'yan kasuwa ne. Na ɗumama ƙarfe, na sa mafi ƙanƙanta, na haska. Ban buɗe kwalbar khal ba, ba a bukata. Na rubuta mata takardar Sakkwato, ƙanwarta Ige ta raka ta. Can sunka yi abin da za su iya, sunka ba ta maganin rage zafi, sunka ce ta koma gida.

Da ta dawo ta biyo ta wurina. Ta zauna bakin gado ta ce kada in yi mata maganar asibiti, in gaya mata da Hausa, da an yi mata aikin wancan lokaci, da mi za a yi. Na ce da an daskarar da wurin. Ta ce tsawon wane lokaci. Na ce uku, da biyar, da uku.

Ta ƙirga da yatsu. "Minti sha ɗaya," ta ce. "Ni ko cinikin buhu guda ban gamawa cikin minti sha ɗaya."

Na gaya mata ban da laifin bakin mutane akwai nawa, don ban rubuta gidanta ba, kuma sau biyu ta zo na mayar da ita. Ta ce in ajiye rabon laifi, akwai ranar da anka ware mashi. Abin da take so shi ne in zo Taloka ranar Asabar da kayana duka, har da tukunyar da ta yi aure.

Ba ni da izinin fitar da tukunyar, kuma ba ni da izinin duba matar da ba ta cikin littafin masu karɓar magani. Na san in na tambaya za a ce in rubuto, in na rubuto za a ce ana dubawa. Na sa anka ɗora ta bayan motar wani mai ɗaukar albasa, munka ɗaure ta da igiya tsakanin buhuna, na zauna gaba da tukunyar tafasa ƙarafa a cinya.

Na tarar da tsakar gidan Hajo cike da mata, sun fi goma sha biyar, 'yan'uwa da maƙwabta da abokan cinikinta. Ta aika musu cewa tana son yin sallama, don haka kowace ta zo da fuskar kuka. An jingina ta da bango a kan tabarma. Ta bari sunka gama gaisuwa da addu'a, sannan ta ce su ajiye hawayen sai ranar da za su yi amfani.

"Cutar da kuke tsegumi a kai ina da ita," ta ce. "Shekara tara ina shan maganinta, da ita na yi ciniki da ku, da ita na ci tuwon sunan ɗiyanku. Ba ita kaɗai ta kwantar da ni ba. Wani abu na, ɗan ƙarami, wagga mata ta gan shi tun shina kamar farce, ta ce in dawo, na ƙi don tsoron bakinku. To ga ta nan. Mai cutar da marar ita, duk mai mahaifa ta shiga a duba ta. Wadda ta ƙi, kada ta zo wankan gawata."

Mata biyu sunka tashi sunka saɓa mayafi sunka fita, Hajo ta bi su da gaisuwar da ba zan rubuta ba. Wata dattijuwa, surukar maƙwabcinta, ta ce ita ta daina al'ada tun tuni, mi za a duba. Na ce mata ai mahaifar ba ta daina zama ba. Ta ce to bari ta fara shiga, in mutuwa ce ita ta fi kusa. Da ta fito tana gyara zane tana cewa ashe abin bai kai tsifar kai zafi ba, sai layi ya kafu.

A ɗakin Hajo na yi aikin, bisa gadonta na ƙarfe, da zane a ƙofa. Ƙarafa huɗu gare ni, in na gama da su sai a jiƙa, a wanke, a ɗora a murhu a jira su tafasa, don haka munka kai har bayan la'asar. Wadda ta yarda na yi mata gwajin jini ma, abin da ya fito kuwa tsakanina da ita ne. Yawancinsu lafiya lau. Ɗaya na rubuta ma takardar Sakkwato, na kuma rubuta sunan mijinta, da unguwarsu, da itacen da ke ƙofar gidansu. Ige ce ta ƙarshe, don ita ke hura wuta tun safe, kuma na lura tana ta ba wasu layinta. Na shafa khal, na jira. Tabo ya fito, ƙarami, a fili.

Na leƙo na ce a mirgino mini tukunya. Hajo ta tambaya wa za a yi ma, na ce wannan ba a faɗa. Ige da kanta ta ɗaga murya daga ciki ta ce, "Ni ta, Yaya." Hajo ta sa anka ja tabarmarta har bakin ƙofar ɗakin, ta ce in ba ta agogo, ita za ta riƙa lokaci, don ba ta yarda da ma'aikatan gwamnati ba. Na nuna mata tsinken, na koma ciki, na manna kan bindigar na saki gas. Ige ta riƙe ƙarfen gado tana salati. Daga bayan zane Hajo ke sanar da mu, saura biyu, saura ɗaya, kada in kuskura in cuci ƙanwarta ko daƙiƙa. Munka huta biyar, munka sake uku. Da ta ce ya cika na rufe gas, na jira kan ya saki da kansa, na zare.

Ige ta fito tana ɗaura zane, tana dariyar wadda ta tsorata, ta ce ba wani zafi, ɗan murɗa ne kamar na al'ada. Hajo ta dube ta, ta dube ni, ta tambaya shi ke nan? Na ce shi ke nan, sai ta dawo baɗi in sake gani. Ta daɗe tana kallon agogon a tafin hannunta. Sannan ta miƙo mini shi, ta ce ma Ige, "To tashi ki ɗora muna tuwo, tunda ke kina da sauran kwana."

Ranar Litinin na samu takardar tuhuma kan fitar da kayan gwamnati ba izini, na amsa da shafi uku. Ban san wanda ya karanta ba, amma kafin watan ya ƙare an mayar da ɗakin duba kusa da na awon ciki, an buɗe shi kullum, ga kowace mace. Hajo ba ta kai ga ganin cirar albasar wannan rani ba. Ige ce ta riƙe mata ɗiya huɗun tare da nata uku, ta aurar da biyar cikinsu, kuma har na bar aiki ba ta taɓa tsallake ranar dubanta ba.